Ƙarfin wutar da ake ja wa gida da lambobin da ke jikin kayan lantarki

Duk wanda ya leƙa bayan firij, ko ya kifa butar dafa ruwa ta lantarki ya dubi gindinta, zai tarar da ɗan allo ko takarda da aka manna mai ɗauke da lambobi da haruffa, kamar 230 V, 50 Hz, 2,000 W, wani lokacin har da 8.7 A. Wannan rubutu shi ne sharaɗin da masana'anta ta gindaya, wato irin wutar da na'urar za ta yi aiki da ita ba tare da ta gaza ko ta ƙone ba. Abin da ke rikita mutane, har da wasu masu aikin wayarin, shi ne akwai lambobin da a ido suka bambanta amma abu ɗaya suke nufi, akwai kuma waɗanda suka yi kusa da juna amma tsarin da ya haife su daban ne. Wanda ya ga 220 da 240 ya firgita, sau da yawa ba shi da dalilin firgita. Wanda kuwa ya ga 208 da 240 ya ce ai duk ɗaya ne, shi ne zai sha wahala da kayansa.

Ma'auni uku ne ginshiƙin maganar. Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ne matsin da ke tura wuta cikin waya. Amfiya, mai harafin A, ita ce yawan wutar da ke gudana. Wat, mai harafin W, shi ne aikin da wutar ke yi, kuma a na'urori masu ɗumama abu ana samunsa ne idan aka ninka bolt da amfiya. Saboda haka murhun lantarki mai cin wat 6,000 zai ja amfiya 25 a kan bolt 240, amma da a kan bolt 120 aka ƙera shi da sai ya ja amfiya 50. Wayar da ke ɗaukar wuta tana yin zafi, kuma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya: idan amfiya ta ninka sau biyu, zafin da ake asara a cikin wayar yana ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa duk lokacin da lodi ya yi nauyi injiniyoyi suke karkata zuwa ga bolt mai yawa, domin ta haka ne za a yi amfani da waya marar kauri sosai, a rage jan ƙarfen da za a saya, a kuma rage raunin da wuta ke yi idan ta yi doguwar tafiya.

Tarihi ne ya raba duniya gida biyu a kan wannan batu. Tashar da Thomas Edison ya buɗe a titin Pearl na birnin New York a 1882 ta riƙa ba da wuta mai bolt 110, domin abin da ƙwayayen fitilar wancan zamani ke iya jurewa ke nan. Kamfanin wutar birnin Berlin ya koma bolt 220 a 1899, sauran Turai kuma ta bi wannan hanya sannu a hankali. A yau Amurka da Kanada suna kan bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa (zagaye shi ne kai da komowar da wutar layi ke yi, wanda ake rubutawa da Hz), Turai da mafi yawan ƙasashen Afirka da Asiya suna kan bolt 230 ko 220 da zagaye 50, Japan kuwa tana kan bolt 100, gabashinta na da zagaye 50, yammacinta 60, saboda tun farko Tokyo ta sayi injinan Jamus, Osaka kuma ta sayi na Amurka. Koriya ta Kudu ta ɗauki shekaru daga 1973 zuwa 2005 kafin ta kammala sauya gidajenta daga bolt 110 zuwa 220. Wannan ya nuna cewa mai gida ba shi ne ke zaɓar ƙarfin wutar ƙasarsa ba. Zaɓinsa yana cikin abin da kamfanin rarraba wuta ya shimfiɗa a layin da ya bi ta ƙofarsa: layi ɗaya zai karɓa ko layi uku, amfiya nawa zai nema, kuma a wasu ƙasashe, wane irin haɗin taransifoma ne zai ciyar da ginin.

A ƙasashen da ke kan bolt 230, taransifomar unguwa tana fitar da wayoyi huɗu, uku masu wuta da ake kira fes, ɗaya kuma nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Tsakanin kowane fes da nutural akwai bolt 230, tsakanin fes da fes kuwa bolt 400. Mutum zai yi tsammanin ganin 460, amma da yake wutar layukan uku ba ta kaiwa ƙololuwa a lokaci guda, kowanne yana bin bayan ɗan'uwansa da kashi ɗaya cikin uku na zagaye, sai lissafin ya zama ninkawa da 1.73 maimakon 2. Gidan da aka ja wa fes ɗaya da nutural shi ne mai layi ɗaya. Idan babbar birekarsa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan amfiya ta yi yawa, ta amfiya 63 ce, iyakar abin da zai iya ɗauka bai wuce kilowat 14 da ɗoriya ba. Idan aka ja masa layi uku, kowanne da amfiya 32 kacal, zai samu kusan kilowat 22, da waya mafi siranta. A Jamus layi uku ne abin da aka saba ja wa gidaje, har murhun girki ma a kansa ake haɗawa, yayin da a Ingila mafi yawan gidaje ke kan layi ɗaya mai fis na amfiya 60, 80 ko 100.

To, yaushe ne layi uku ya cancanta? Amsar tana cikin lodi, kuma lodin ba a gane shi da girman gini ko yawan ɗakuna. Gidan da fitilu, fankoki, firij, talabijin da na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ko biyu ne kayansa, layi ɗaya ya wadatar da shi. Maganar tana canzawa idan aka shigo da murhun lantarki mai kawuna huɗu da tanda, hitar ruwa mai ɗumamawa nan take, na'urorin sanyaya ɗaki da yawa, babban injin tura ruwa, ko lif a gini mai hawa da yawa. Cajin motar lantarki ya fito da bambancin fili: a layi ɗaya mai amfiya 32 ana samun kilowat 7.4, a layi uku mai amfiya 16 ana samun 11, mai amfiya 32 kuma 22. Haka nan manyan injina masu juyawa sun fi tashi cikin sauƙi da yin aiki ba girgiza a kan layi uku, kuma ba sa buƙatar kafasita domin tayar da su.

Sai dai injiniya ba ya tara wat ɗin duk abin da ke gida ya ce shi ne lodi, domin babu gidan da ke kunna komai a lokaci guda. Dokokin wayarin na kowace ƙasa suna da ƙa'idar rage wani kaso daga jimillar, kuma a gini mai gidaje da yawa ragin yana ƙaruwa, tunda ba zai yiwu gidaje talatin su ɗora girki su kunna hita a minti ɗaya ba. A ganina kuskuren da aka fi yi a nan iri biyu ne, kuma na biyun ya fi yawa: ko dai a nemi wutar da ta fi ƙarfin buƙata a yi ta biyan kuɗin da ba dole ba, ko kuma a yi lissafi da kayan da ake da su ranar tarewa, a manta cewa gida yana tara kaya shekara bayan shekara, wayar da aka binne a bango kuwa ba ta ƙara kauri.

Layi uku yana zuwa da nasa haɗarin da ya kamata mai gida ya sani. Dole a raba lodi daidai gwargwado a kan layukan, in ba haka ba ɗaya zai yi ta zafi sauran suna zaune. Mafi muni shi ne yankewar nutural ko kwancewarta a wurin ɗauri. Idan haka ta faru, kayan da ke kan wani layi da na wani layin sai su koma jere suna raba bolt 400 a tsakaninsu, ba kuma daidai suke rabawa ba: ɓangaren da ke da ƙaramin lodi shi ke kwasar kaso mafi tsoka. Alamarta ita ce a ga fitilun wani ɗaki sun yi haske fiye da kima, na wani ɗakin kuma sun dushe, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi caja da talabijin su fara hayaƙi. Bireka ta yau da kullum ba ta ganin wannan matsala, domin amfiya take aunawa. Akwai na'urar da ake sakawa a akwatin rarraba wuta mai yanke layi idan bolt ya haura ko ya sauka fiye da iyaka, kuma gidan da ke kan layi uku bai kamata ya rasa ta ba.

A Amurka da Kanada ne zaɓin ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Gidan da ke zaman kansa yana samun wuta daga taransifoma mai naɗi ɗaya wanda aka tsaga a tsakiya. Daga tsakiyar ake fitar da nutural, sai kowane gefe ya ba da bolt 120, gefe zuwa gefe kuma 240. Ƙananan kaya suna kan 120, murhu da hitar ruwa da injin busar da tufafi suna kan 240. Dokar wayarin ta Amurka ba ta yarda a ja wa irin wannan gida ƙasa da amfiya 100 ba, kuma 200 ce aka fi sakawa a sababbin gine-gine. Manyan gine-gine masu gidaje da yawa kuwa galibi layi uku ake ja musu, inda fes da nutural ke ba da 120, amma fes da fes ke ba da 208, wato 120 sau 1.73. Mazaunin irin wannan gini yana ganin soket irin na kowa, fitilunsa suna ci yadda ya kamata, bai san cewa murhunsa 208 yake samu maimakon 240 ba.

Tazarar 208 da 240 kashi 13 cikin ɗari ce, amma abin da take haifarwa ya fi haka. Zafin da na'ura mai ɗumamawa ke bayarwa yana bin ninkin bolt da kansa, don haka hitar ruwa da aka rubuta wa wat 4,500 a kan 240 za ta ba da kusan 3,380 ne kawai a kan 208. Kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ba za ta lalace ba, sai dai ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, tanda ta yi nawa wajen kai zafin da aka saita, tufafi su daɗe ba su bushe ba. Injin mai juyawa kuwa halinsa akasin haka ne. Shi lodin da aka ɗora masa yake ƙoƙarin juyawa ko ta halin ƙaƙa, saboda haka idan bolt ya ragu sai ya ƙara jan amfiya, naɗin wayarsa ya yi zafi, rufin wayar ya tsufa da wuri. Shi ya sa ake ƙera injina na musamman masu lambar 200 domin tsarin 208, wasu kayan kuma ake rubuta musu 208/240 tare da wat biyu daban-daban, kowanne da bolt ɗinsa. Mai gina irin wannan bene yana da hujjar zaɓar 208, tunda yana buƙatar layi uku domin lif da manyan injinan ruwa, kuma kamfanin wuta ya fi son lodin da ya daidaita a kan layukansa. Laifin yana zuwa ne idan aka zaɓi 208 sannan aka sayo wa gidajen kayan da 240 kaɗai aka rubuta musu.

Lambobin da ke 'yan gida ɗaya kuma ga yadda suke. A Amurka za a ga 110, 115 da 120, duk layi ɗaya ake nufi. Ƙa'idar ANSI C84.1 ta sa 120 a matsayin abin da kamfani ke kawowa bakin mita, da izinin ya yi yawo tsakanin 114 da 126, su kuma masana'antun injina suna rubuta 115 ko 230 domin sun san wuta za ta ɗan ragu a cikin wayoyin gida kafin ta isa ga injin. Lambar 110 kuwa ragowar tarihi ce da ta zauna a bakin mutane. Haka abin yake da 220, 230 da 240 a ɗaya ɓangaren duniya. A da nahiyar Turai tana kan 220, Ingila tana kan 240, sai hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya ta tsayar da 230 a 1983 a matsayin matsaya. Ingila ta karɓi lambar a 1995, amma ba ta sauya taransifomominta ba. Iyakar da aka yarda da ita aka gyara, daga kusan 216 zuwa 253, ta yadda tsohuwar wutar 240 ta faɗa cikin sabuwar doka. Ƙa'idar Turai ta yarda da kashi goma sama ko ƙasa, wato 207 zuwa 253, kuma kayan da aka ƙera domin wannan kasuwa suna aiki a duk faɗin wannan tazara.

Tsakanin gidajen biyu kuwa, wato na 120 da na 230, babu sassauci. Na'urar ɗumamawa ta bolt 120 da aka soka a 230 za ta yi ƙoƙarin fitar da zafin da ya kusa ninka nata sau huɗu, ta ƙone nan take. Ta 230 da aka soka a 120 za ta ba da ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Cajar waya da ta kwamfuta ne suka tsira daga wannan, domin yawancinsu an rubuta musu 100–240 V, 50/60 Hz, suna karɓar kowace irin wuta su mayar da ita abin da suke so. Ɗan abin da ake sakawa domin bakin fulogi ya dace da soket siffa kawai yake sauyawa, ba ya taɓa bolt ko kaɗan, kuma kayan da suka ƙone saboda rashin sanin wannan ba su da iyaka.

Lambar Hz ita ce aka fi mantawa da ita. Taransifoma tana iya sauya bolt, amma ba ta sauya yawan zagaye. Injin da aka ƙera domin zagaye 60, wanda lissafin gudunsa 1,800 ne a minti, zai koma 1,500 a kan zagaye 50, kuma idan bolt bai ragu daidai da haka ba ƙarfen cikinsa zai yi zafi fiye da yadda aka tsara. Ba a kuma iya gane zagaye daga bolt: Saudiyya da Koriya ta Kudu da Filifin duk suna da wuta mai bolt 220 ko 230 amma a kan zagaye 60. Firij ko injin wanki da aka sayo daga can yana iya dacewa ta fuskar bolt ya saɓa ta fuskar zagaye.

Akwai kuma bambancin kW, wato kilowat, da kVA, wato bolt sau amfiya a dubbai, wanda ke fitowa idan aka zo sayen janareta, inbata ko taransifoma. Injina masu naɗin waya suna jan amfiyar da ta fi aikin da suke yi, domin wani kaso yana kai da komowa ne wajen gina maganaɗisu. Waya da taransifoma suna ɗaukar amfiyar gaba ɗaya, shi ya sa ake auna su da kVA, aikin da aka samu kuma da kW. Janaretan da aka rubuta wa 5 kVA bisa ma'aunin 0.8, wato kashi 80 cikin ɗari na amfiyar ne ke zama aiki, kilowat 4 ne ƙarfinsa na gaskiya. Ƙari a kan haka, injin da ake tayarwa kai tsaye yana jan amfiyar da ta ninka ta aikinsa sau biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, abin da ke sa fitilu su yi ƙifta idan kwamfuresa ta kama. Lambar kW ko ta doki da ke jikin injin, inda doki ɗaya yake wat 746, ƙarfin da yake fitarwa ne a sandar juyawa, abin da yake ci daga layi ya fi haka. Na'urar sanyaya ɗaki kuma tana ɗauke da lambobi biyu da ake yawan cakuɗawa: mai BTU 12,000, wato ma'aunin ƙarfin sanyayawa, tana kwashe zafin da ya kai kusan kilowat 3.5, amma wutar da take ci ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Wanda zai auna waya da bireka, layin da aka rubuta amfiya ko wat ɗin da na'urar ke ci shi zai nema.

Ita kanta birekar tana da rubutun da ya cancanci a tsaya a kansa. A ɗauki wadda aka rubuta wa C16, da lambar 6000 cikin ɗan akwati a ƙasa. Lambar 16 ita ce amfiyar da za ta bari ta wuce ba tare da ta faɗi ba, kuma waya aka sa ta ta kare, ba na'urar da ke ƙarshen wayar ba. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 galibi ana haɗa ta da bireka mai amfiya 16 ko 20, gwargwadon dokar ƙasa da yadda aka shimfiɗa ta, a Amurka kuma waya mai lamba 14 tana tafiya da amfiya 15, mai lamba 12 da amfiya 20. Wanda birekarsa ke yawan faɗuwa ya cire ta ya sa babba ba tare da ya sauya waya ba, ya cire abin da ke hana wayar narkewa a cikin bango ne. Harafin yana nuna yadda take jure fizgar farko: B tana faɗuwa nan take idan amfiya ta ninka sau uku zuwa biyar, C sau biyar zuwa goma, D sau goma zuwa ashirin, don haka layin da ke da injina ya fi dacewa da C. Lambar da ke cikin akwatin kuwa ita ce amfiya mafi yawa da birekar za ta iya yankewa lafiya idan wayoyi suka haɗu. Gidan da ke nesa da taransifoma, amfiya 6,000 na isar sa, amma babban bene mai taransifomarsa a ƙasa yana iya fuskantar wutar haɗuwa da ta zarce haka, kuma birekar da aka fi ƙarfinta tana iya narkewa a rufe ko ta fashe. Dokar Amurka ta ƙara da cewa lodin da zai yi awa uku ko fiye yana ci kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na lambar bireka, shi ya sa cajar mota mai amfiya 32 ke buƙatar layi mai amfiya 40.

Duk wannan kariya ta waya ce. Jikin mutum kuwa wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya tsayar masa da zuciya, kuma birekar amfiya 16 ba za ta ko motsa ba. Wannan aikin wata na'ura ce daban, mai kwatanta wutar da ta fita ta fes da wadda ta dawo ta nutural, ta yanke layi idan bambancin ya kai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya, a Amurka kuma wajen miliamfiya 5. Tana da maɓallin gwaji da ya kamata a riƙa dannawa lokaci zuwa lokaci.

Shigowar sola cikin gidaje ta ƙaro wata lamba da a da ba a damu da ita ba, wato ko an ƙera birekar domin AC, wutar layi mai kai da komowa, ko domin DC, wutar batir mai tafiya ɓangare ɗaya. Wutar layi mai zagaye 50 tana ratsa sifiri sau ɗari a kowace daƙiƙa, kuma wannan ne ke taimaka wa bireka ta kashe tartsatsin da ke tashi idan bakunanta suka rabu. Wutar da ke fitowa daga faifan sola da batir ba ta ratsa sifiri, jerin faifai kuma yana iya kai bolt ɗari uku zuwa ɗari shida a rufin gida. Birekar AC da aka sa a wannan layi tana iya buɗewa tartsatsin ya ci gaba da ci a cikinta har robar ta kama wuta. Wadda ta dace za a ga an rubuta mata bolt na DC ƙarara, wasu ma da alamar tarawa da ta ɗebewa a bakin kowace waya, kuma idan aka juya su wajen ɗauri ba za su iya yanke wutar ba ranar da aka buƙace su.